Kawu, Lauyan da Ba a Tayawa

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu, wata Laraba da hantsi, a gadon asibiti, bayan gajeriyar jinya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, tsohon lauya a garin nan na Potiskum, kuma a ofishinsa nake aiki tun da na fito daga makarantar lauyoyi.

Na zauna a tsakar gida cikin mata. Ana ce mini ya haƙuri, ina cewa mun gode Allah. Ana miƙo mini ruwa, ina sha. Ban yi kuka ba, kuma ba daurewa nake yi ba. Jikina ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Hajiya, matar Kawu, tana ƙuryar ɗaki da carbi a hannu, ba ta ja, ba ta ajiye ba.

Ƙanena shi ke shigowa yana gaya mana abin da ake yi a ƙofar gida. Ya ce dillalan shanu sun baro kara da ƙurarsu, ranar kasuwa guda, sun cika tabarmi. Ya ce wani direban tirela ya yi addu'a mai tsawo, da ya shafa sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Barista. Wallahi bai taɓa rage mini ko sisi ba." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka ce amin. Wani dattijo daga Gadaka ya ce mutum ne mai tsada, amma in ya ce zai zo kotu, ko ana ruwan ƙanƙara za ka same shi ya riga ka. Ƙanena ya kuma ce akwai wani tsoho da ke tsayawa can tsallaken titi, gindin darbejiya, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa shi kaɗai ya tafi, bai taɓa zama a tabarma ba. Ban tambaye shi ko wane ne ba. Na sani. Zan zo kansa.

A cikin gida ma maganar kuɗin Kawu aka fi yi. Inna, mahaifiyata, ita ta fara, idonta a kumbure.

"Ni ma fa sai da na biya shi," ta ce wa matan da suka kewaye ta. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da mahaifin yaran nan ya rasu aka so a ƙwace mana shago, na je wurinsa ina kuka. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini hankici, sannan ya faɗa mini kuɗin aikinsa. Na ce Yaya, ni? Ya ce ke. Ya ce in ba ki biya ba, ranar da na yi miki sakaci kunya za ta hana ki yi mini faɗa, ni kuma ina son ki iya yi mini faɗa."

Wata ta ce, "To kin yi masa?"

"Na yi mana. Har gida na bi shi, ran da aka ɗage shari'ar bai gaya mini ba. Ya tsaya ya saurara kamar ɗan makaranta." Inna ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, aka rirriƙe ta. Ina kallonsu kamar daga wani gida nake leƙowa.

Washegari wata tsohuwa ta shigo, Hausarta da karin Karekare, ƙafafunta sun yi futu-futu. Daga Mamudo take. Na gane ta, shari'arta tana hannunmu: wani ɗan kasuwa ne ya ce mijinta ya sayar masa da gonarsu kafin ya mutu, ita kuwa ta ce ba a yi haka ba. Ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa, ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"'Yata, awakina na sayar na biya shi, duka na biya. Yanzu wa zai tsaya mini?"

Inna ta ji. Ta ce, "Haba baiwar Allah! Jiya-jiya aka binne shi."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ni ban ji haushinta ba. A duk waɗanda suka shigo gidan, ita kaɗai ta faɗi abin da ya ratsa ni. Na ce, "Iya, ki zo ofis bayan sadakar bakwai." Ban san abin da zan gaya mata in ta zo ba.

Ina rubuta wannan ne don na ga yadda ake manta mutum a garin nan. Kafin shekara ta zagayo, abin da zai rage na Kawu a bakin mutane shi ne wai yana da tsada. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba.

Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan gini. In ka hau da ƙararka, zai saurare ka har ka gaji, ba ya katse mutum. In ka gama sai ya faɗa maka abin da yake gani, ko da kuwa cewa zai yi ba ka da gaskiya, ka koma ku sasanta. In ya ga akwai shari'a, sai ya rubuta kuɗin aikin a takarda, ya karanta maka a gaban wanda ya rako ka. In Babarbare ne ya maimaita da Kanuri, yaren kakanninmu, wanda ni ban iya ba sai gaisuwa. Kuɗin kotu daban, na mota in za a je Damaturu daban, nasa daban, don kada ka ce an lulluɓe ka. Dillalai, da yake sana'arsu ce, sai sun gwada. "Barista, a duba mana dai." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Nan ba kara ba ce, Alhaji. Ba a taya ni."

Amma abin da ya faɗa shi ne ƙarshe. Ko shari'a ta ja shekaru, ba zai dawo ya ce a ƙaro ba. Wani Alhaji da muka ci wa shari'ar shanun da aka riƙe masa ya aiko da rago gab da babbar salla, ƙato, mai ƙaho a murɗe. Kawu ya leƙo ta taga ya ga ana ɗaure shi a ƙarfen matakala. Ya ce a mayar. Ɗan aiken ya ce Alhaji zai ji kunya. Kawu ya ce, "Gaya masa an biya ni tun bara. In ya ba ni rago yau, gobe in na faɗi shari'arsa sai in ba shi me?"

Da hannunsa yake wanke farin ƙyallen wuyansa na kotu, ya goge, ba ya bari Hajiya ta taɓa. Shayinsa ba sukari. Yana ƙin a ce masa ranka ya daɗe. A ofis bai taɓa kirana da sunan da ake kirana a gida ba, sai dai Barista, ni ma a can Oga nake ce masa. Sai mun sauko matakala ya koma Kawu, ya tambaye ni ko Inna ta sha maganinta.

Bayan kotu, ba abin da ya ci ransa kamar ƙungiyar lauyoyi. Reshenmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Mutane da yawa taron wata-wata wahala suke ɗaukarsa, a zo a makare, a yi gardama a kan kuɗin shekara da wanda zai je babban taro, a watse. Kawu yana zuwa kafin a buɗe ɗakin. Ya karanta bayanin taron da ya wuce da jan biro a hannu. In lauya ya rasu ko ya kwanta ciwo, shi ke bin mutane ofis-ofis har sai kowa ya ba da nasa.

A nan ne ya ɓata da tsohon da ke tsayawa gindin darbejiya. Baba nake ce masa. Lauya ne shi ma, ɗan asalin garin nan, Bangizime a ƙabila, sa'an Kawu. Tare suka yi sakandare, shi ne babban aboki a auren Kawu da Hajiya. Muna yara, in Baba ya zo gidan, a kwano ɗaya suke ci, muna jin dariyarsu daga soro.

Shekarun da na fara aiki, ƙananan lauyoyi sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan. Za ka gan su a bakin ofishin 'yan sanda suna jiran wanda za a kamo. Takardar cinikin fili, wadda in aka kuskure ta jikoki ne za su yi shari'a a kanta, ana rubuta ta a kuɗin da bai wuce na abincin rana ba, don in ka ƙi wani zai karɓa. Reshe ya kafa kwamiti, aka ba Kawu shugabanci. Suka fito da ƙa'ida: ga mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan kowane irin aiki. Wanda ya so ya yi wa talaka don Allah, ya yi kyauta gaba ɗaya, ya sanar da sakatare. Amma ba rabin kuɗi, ba kawo abin da ya sauwaƙa.

Baba kuwa duk rayuwarsa a kan kawo abin da ya sauwaƙa ya gina ta. Bai ɓoye ba, ya ci gaba da abinsa, har aka kai ƙorafi. Ranar taron ɗakin ya cika fiye da kullum. Baba ya miƙe, ya dafa kujerar gabansa.

"Matar da ta zo mini da kwanon wake da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zani, in ce mata ko ta cika ko ta zama abar sadaka? In na karɓi kaɗan ɗin nan, da ƙarfinta take shiga kotu, ta san lauyanta ta ɗauka."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai kana da gida. Kana da gona a Danchuwa, 'ya'yanka sun kama aiki. Kaɗan ɗin da kake karɓa shi ya zama farashi a garin nan. Juya ka dubi yaran nan. Akwai wanda a cikinsu ba shi da kuɗin keken da zai kawo shi kotu. Alherin da kake yi, daga kwanonsu kake ɗiba."

"A gaban yara kake gaya mini haka?"

"A gabansu, don maganarsu ce."

Aka ci Baba tara, da sa hannun Kawu. Ya biya a ranar, ya ɗauki hularsa ya fita. Daga nan ba su sake gaisawa ba. Masallaci ɗaya suke Juma'a, wannan a wannan gefe, wancan a wancan. In shari'a ta haɗa su, kowa ya ce "abokin aikina mai ilimi" yana kallon alƙali. Hajiya ta yi magana, Inna ta yi, limamin unguwa ya yi. Kawu ya ce shi ba shi da gaba da kowa, aikin ƙungiya ya yi. Baba ya ce shi ma ba shi da gaba, ƙafarsa ce dai ta manta hanyar gidan.

Ba zan ce ƙa'idar ta gyara komai ba. Wasu yaran sun kama ɗakin ofis, sun daina tsayuwa a rana. Amma wasu talakawan sun koma wurin masu buga takarda a bakin kotu, aka riƙa yi musu takardun da ba su da amfani. Na taɓa gaya wa Kawu haka a mota. Muna wuce shataletale ya ce, "Na sani."

Akwai wani yammaci da ba na mantawa. Mun ci wata shari'ar iyaka, wanda muka kayar kuwa wani manomi ne, tsoho, ba shi da lauya, shi ya tsaya wa kansa. Mun fito muka gan shi zaune a kan dakalin kotu, kowa ya watse, hadari ya haɗo. Kawu ya tsayar da mota ya ce ya shigo. Tsohon ya ƙi, ya ce ba zai shiga motar wanda ya raba shi da gonarsa ba. Kawu ya ce, "Aikina na yi, Malam. Ruwa kuwa ba ruwansa da wanda ya ci shari'a. Shigo." Har ƙauyensu bayan Danchuwa muka kai shi. A hanya Kawu ya bayyana masa cewa yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma kada ya bari lokaci ya ƙure. Tsohon ya ce ina ya ga kuɗin lauya. Kawu, idonsa a kan titi, ya ce masa:

"Akwai wani mutum, ofishinsa na bayan tsohuwar tasha. Je ka wurinsa. Kada ka ce ni na turo ka."

Ofishin Baba ne. Na juya na dubi Kawu. Ya ce, "Barista, kalli gabanki."

Bayan sadakar bakwai na buɗe ofis. Na jera fayilolin a ƙasa don tebur ba zai ɗauke su ba. Kusan duk masu su sun biya Kawu cif, kamar yadda ya saba, kuma kuɗin ya daɗe da shiga hayar ofis da albashi da cefanen gida. Wasu shari'o'in a babbar kotu suke, wasu sun kai matakin ɗaukaka ƙara, irin waɗanda Kawu ke tsayawa ni ina miƙa masa takardu. Na san iyakar ƙarfina. Tsohuwar Mamudo ta zo kamar yadda na ce mata. Na ba ta ruwa, na ce ta ƙara mini haƙuri har ƙungiya ta zauna. Ta ce to, ta gyara mayafi ta sauka.

Reshe ya kira taro. Aka yi addu'a, aka yi maganar abin da za a kai wa Hajiya, aka tsayar da ranar da kotu za ta yi zaman girmama shi. Sannan shugaban reshe, wanda shi ma a hannun Kawu ya koyi aiki, ya ce in yi bayani. Na yi, muryata tana fita kamar ta mai karanta sanarwa. Shugaba ya ce shawararsa ita ce a rarraba fayilolin, kowa ya ɗauki biyu ko uku. Tun da ba wanda zai iya ɗaukar doguwar shari'a a kyauta a wannan tsadar rayuwa, masu ƙara su biya rabi, a matsayin alfarma saboda marigayi. Mutane suka fara gyaɗa kai. Ni ma na kusa gyaɗa nawa, duk da ina tunanin awakin da tsohuwar nan ba ta da su kuma.

Sai aka ji an ja kujera daga can baya. Ban ma san Baba yana ɗakin ba, don rabonsa da taro tun ranar tarar.

"Rabi?" ya ce. "A kan rabin nan aka ci ni tara a ɗakin nan."

Shugaba ya ce, "Baba, ai mun ɗauka kai ne za ka fi kowa murna."

"Har gobe ban yarda da ƙa'idar nan ba. In kun kawo ta wata mai zuwa, ni zan fara ɗaga hannu a soke ta. Amma ba za ku karya ta da sunansa ba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Kuma mutanen nan sun biya. Ya ce musu abin da ya faɗa shi ne ƙarshe. Ba za a mayar da shi maƙaryaci ba don ba ya nan."

"To ya za a yi, Baba?"

"Ofishinsa aka biya, ofishinsa zai gama aikin. Ga lauya nan a ciki." Ya nuna ni. "Abin da ta rasa tsoho ne. Gobe zan hau matakalar nan in zauna, ta ba ni abin da ta ga dama in yi. Ba za a biya ni ba, don an riga an biya."

Sakatare ya tambaya ko ya rubuta. Shugaba ya ce ya rubuta.

Washegari kuwa Baba ya zo, yana hawa yana hutawa saboda gwiwa. Na nuna masa kujerar Kawu, ya girgiza kai, ya ja ta masu ƙara ya zauna. Muka fara da fayil ɗin tsohuwar Mamudo. Ranar da aka kira shari'ar, mai shari'a ya yi mana ta'aziyya, ya tambayi wanda ya tsaya wa tsohuwar. Baba ya miƙe ya faɗi sunansa da nawa, ya ce daga ofishin marigayi muke, ya kira cikakken sunan Kawu. Ina gefensa ina miƙa takardu.

Watanni muka yi a haka. Wasu shari'o'in mun ci, wasu mun faɗi, wasu aka sasanta. Ba wanda aka ce ya ƙaro ko kwabo. Ta tsohuwar an yanke ta bayan an yi girbi: aka tabbatar mata da gonar, ban da wani yanki na bakin kwari da aka samu shaidar mijinta ya sayar da gaske. Ta yi ta sa mana albarka, rabi da Hausa rabi da yarenta, ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi.

Muka rage ni da Baba a barandar kotu. Ya cire hular gashin da lauyoyi ke sawa a kotu ya riƙe a hannu, gumi na bin wuyansa.

"Tambayar da na yi wa shaidan nan na biyu, ban yi ta daidai ba," ya ce. "Shi ya ja mana rasa bakin kwarin. Da Kawunki ne ba zai yi wannan kuskuren ba."

Na ce, "Baba, ai ka yi ƙoƙari."

Bai ji ni ba, ina tsammani. Yana kallon inda lauyoyi ke ajiye motoci.

"Duk shekarun nan, in na fito daga kotu sai na duba ko motarsa na nan, don in san ta inda zan bi kada mu haɗu. Yanzu ta ko'ina zan iya bi." Ya share wuyansa da hannun riga. "'Yata, duk wanda na gamu da shi a garin nan gaishe ni yake yi. Ba sauran wanda zai ɗauke mini kai."

Na karɓi jakarsa na riƙe, muka sauka a hankali saboda gwiwar.

Allah Ka gafarta wa Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa hisabi. Ka ba Hajiya da Inna haƙuri, Ka kuma ba Baba, wanda ba a je gidansa an yi masa ta'aziyya ba.